Duban Hanji da Na'ura: Yadda Za Ka Rage Wa Kanka Zafi

Ya kai maigida, da ke uwargida, na Jega da Aliero da Maiyama, ku saurara. A ɗakin shan magani nakan ga mutum ya zo da jini a bayan gida, ya yi wata shida yana shan sassaƙe da sunan basir. In aka ba shi takarda ya tafi babban asibiti a duba masa hanji, sai ya ninke ta ya jefa aljihu, don ya ji an ce akwai zafi. Wani lokaci basir ne. Wani lokaci kuwa ciwon daji ne na babban hanji, wanda in an gano shi da wuri ana warkewa, in an makara sai ya kashe. Tsoron wahalar rabin sa'a bai kamata ya ja wa mutum asarar ransa ba.

Ga yadda aikin yake. Babban hanji tsawonsa kusan ƙafa 5 ne. Likita yakan zura wani tiyo mai laushi ta dubura, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila da idon ɗaukar hoto a bakinsa, yana kallon cikin hanji a allo. Likitoci biyu, Wolff da Shinya, suna cikin waɗanda suka fara wannan aiki a birnin New York a 1969. Yawanci minti 30 zuwa 45 ake yi. Ciwon daji yakan faro ne daga ɗan tsiro, kuma in likita ya gan shi sai ya cire nan take. Fatar cikin hanji ba ta jin yanka, saboda haka cirewar ba ta da zafi. A Amurka tun 2021 ana ba masu shekara 45 shawarar a duba su ko suna ƙalau.

To, daga ina zafin yake? Daga wuri biyu: iskar da ake hurawa don hanji ya buɗe, da kuma lokacin da tiyo yake bin kwana, hanji ya miƙe. Abin da za ka ji shi ne kumburi da murɗa. Duk akwai dabarar rage su, kuma rabin dabarar tana hannunka.

Na farko, ka wanke hanji sosai. In da kashi a ciki likita ba ya gani, aikin ya daɗe, wataƙila ma a ce ka sake dawowa. Kwana 3 kafin ranar ka bar wake da gyaɗa da ganye da tuwon dawa, ka koma farar shinkafa da ƙwai da kifi. Ana gobe, sai ruwa da shayi ba madara da romon da aka tace. Fura da kunu ba su cikin lissafi. Kada ka sha zoɓo, domin jansa yakan yi kama da jini. Ka sha maganin zawon da aka ba ka duka, daidai yadda aka faɗa, har abin da ke fita ya zama ruwa garau. In Birnin Kebbi ko Sakkwato aka tura ka, ka isa tun da wuri ka sauka inda akwai makewayi kusa. Kada zawo ya same ka cikin mota.

Na biyu, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Tun ranar da za a sa maka lokaci, gaya wa likita in kana da ciwon sukari, ko na zuciya, ko na ƙoda, ko an taɓa yi maka aiki a ciki. Kai masa magungunan da kake sha duka, har na gargajiya, musamman ƙwayar ƙarin jini da mai tsinka jini. Mace mai juna biyu lalle ta faɗa.

Na uku, ka tambayi allurar da ke kwantar da jiki ta rage zafi. Da yawa ba su ko tuna abin da aka yi. Amma wanda aka yi wa ita kada ya hau babur ko ya tuƙa mota sai bayan sa'a 24, don haka ka tafi da ɗan rakiya.

Na huɗu, a kan gado za ka kwanta a gefen hagu, ka tanƙwashe gwiwoyi. Za a rufe maka jiki, kuma mace tana iya roƙon ma'aikaciya ta tsaya kusa da ita. Ka saki ciki, ka riƙa jan numfashi a hankali. In murɗa ta yi tsanani ka faɗa, ba ragwanci ba ne. Likita zai dakata, ko ya rage iska, ko a juya ka, ko a danna maka ciki don tiyo ya wuce. In iska ta zo fita ka sake ta, ba abin kunya ba ne a wurin.

Bayan an gama ka ɗan yi tafiya, kumburin zai sauka cikin 'yan sa'o'i. Amma in ciwon ciki ya yi tsanani, ko jini mai yawa ya zubo, ko zazzaɓi ya kama ka, ka koma asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Duk wanda ya ga jini a bayan gida, ko zawo da taurin ciki suna karɓa-karɓa makonni, ko yana rama ba dalili, ko ciwon ya taɓa kama mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗan'uwansa, to ya zo mu ba shi takarda. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya, amin.