Yadda tsohon man suya ya zama man motocin bas a Graz

A birnin Graz na ƙasar Ostiriya, a 1994 aka fara gwada bayodizal, wato man mota da ake yi da tsohon man suya, a motocin bas na haya. Zuwa 2005 dukkansu shi suke sha.

Don yin bayodizal, ana tattaro tsohon man suya daga gidajen abinci, a tace guntattakin abinci, a raba shi da ruwa, sannan a haɗa shi da sinadarin metanol. Sai wani sinadari mai suna gilisarin ya kwanta a ƙasa, bayodizal ya taso sama.

Amfaninsa biyu ne: baƙin hayaƙi yana raguwa a titi, kuma maiƙo ba ya toshe magudanan ruwa. Matsalarsa sanyi, domin yana yin kauri ya toshe matatar mai. Shi ya sa ake gauraya shi da man dizal lokacin hunturu.