Matacin Iska A Motocin A-Kori-Kura Masu Amfani Da Man Dizal

A ƙasar Amurka akwai ciniki mai ƙarfi da ya dogara kan masu manyan motocin a-kori-kura, irin su Ford mai injin Power Stroke, da Ram mai injin Cummins, da Chevrolet mai injin Duramax. Kamfanoni kamar K&N da S&B da Banks suna sayar musu da bututu da akwati da matacin iska, waɗanda ake ɗaurawa a madadin na ainihi, bisa alkawarin cewa injin zai shaƙi iska mai sanyi, ya ƙara ƙarfi, ya kuma rage shan mai. Duk ɗan kasuwar da ke shawarar yin odar irin waɗannan kaya, ko ɗaura su a kan Hilux ɗinsa, ya kamata ya san abin da kuɗinsa zai saya masa.

Hujjar masu sayarwa tana da tushe. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, kuma duk saukar zafi da digiri 3 a ma'aunin Salshiyas tana ƙara mata nauyi da kimanin kashi 1 cikin 100. Sai dai injin dizal na zamani yana da turbo mai matse iskar har ta yi zafi, da wata na'ura mai kama da lagireto wadda ke sake sanyaya ta kafin ta shiga silinda. Bugu da ƙari, kwamfutar motar ce ke ƙayyade yawan man da ake fesawa, wato ita ke riƙe da ragamar ƙarfin injin. Saboda haka, a motar da ba a taɓa injinta ba, ƙarin da ake samu kaɗan ne. Abin da direba ya fi ji shi ne rurin injin. Mataci buɗaɗɗe da aka bari ba akwati kuwa, iskar da injin ya ɗumama yake zuƙa, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Inda maganar take da nauyi shi ne wajen ƙura. Kafin injin ya ƙona lita 1 ta dizal, sai ya shaƙi iska fiye da lita 10,000. Ƙurar da ta kuɓuce wa mataci tana ɗauke da ɓurɓushin yashi, wanda ke cinye fikafikan turbo, ya goge ringi da bangon silinda, har motar ta fara shan baƙin mai da fitar da hayaƙi.

Matacin auduga mai jiƙe da mai, wanda kamfanin K&N na jihar Kalifoniya ya yi suna da shi tun kafuwarsa a 1969, ana wanke shi a sake amfani da shi, kuma yana barin iska ta wuce cikin sauƙi domin ƙofofinsa sun fi na takarda faɗi. Man da aka shafa ne ke kama ƙurar. In ya yi kaɗan, ƙura ta wuce. In ya yi yawa, yana iya ɓata na'urar da ke auna iska. Akwai ƙa'idar gwaji ta duniya mai lamba ISO 5011, kuma sakamakonta ya kamata mai saye ya nema. A lura cewa matacin da ke tare kashi 99 cikin 100 na ƙura yana barin ninki goma na abin da mai tare kashi 99.9 ke bari.

A arewacin Nijeriya, inda iskar hunturu ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tun daga Nuwamba har zuwa Maris, ga kuma hanyoyin kasuwannin ƙauye marasa kwalta, wannan bambanci na iya kai mota ga sauke inji. A ganinmu, matacin takarda na ainihi ya fi dacewa da motar neman kuɗi, muddin ba jabu ba ne kuma robar bakinsa ta zauna daram a cikin akwati. Al'adar kai shi wurin mai faci a hure shi da iska mai ƙarfi tana huda takardar ba tare da ido ya gani ba, don haka sauya shi ya fi araha. Masu yawan bin turba kuma suna iya ɗaura dogon bututun nan da ke tashi ta gefen gilashin gaba, wanda ke ɗebo iska daga sama, nesa da ƙurar da tayoyi ke tayarwa.