3.4 Kiwon Kunkuru a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni: Wasan Kwamfuta da Zahiri

Akwai wani wasan kwamfuta mai suna RimWorld, wanda kamfanin Ludeon Studios na ƙasar Kanada ya kammala fitarwa a shekarar 2018. A cikinsa mai wasa yakan kafa ƙaramin ƙauye a wata baƙuwar duniya, ya yi noma, ya yi kiwo. Kunkuru na daga cikin dabbobin da ake iya sabawa da su a wasan, su yi ƙwai su hayayyafa, a yanka su a ci. To amma shekarar wasan kwana 60 ce kacal, kuma takan wuce cikin 'yan sa'o'i a gaban mai wasa. Saboda haka babbar matsalar kiwon kunkuru, wato jinkiri, ba ta bayyana a can kamar yadda take a zahiri.

Kafin a ci gaba, ya kamata a bambance kunkuru da kififiya. Kififiya a ruwa take rayuwa, shi kuwa kunkuru na tudu ne. Babban nau'in da ƙasar Hausa ta sani shi ne wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, mazaunin yankin Sahel tun daga Senigal har Habasha. Babu kunkurun tudu da ya kai shi girma in ban da na tsibiran Galapagos da Aldabra, domin riƙaƙƙen namiji yakan haura kilo 80. Mazauna Gyaɗi-Gyaɗi, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, suna maƙwabtaka da Gidan Zu da Gwamna Audu Baƙo ya kafa a farkon shekarun 1970, kuma a irin wannan wuri ne yaran birni da yawa suka fara ganin babban kunkuru.

Bahaushe yakan ajiye kunkuru a gida, amma ba da niyyar da yake ajiye akuya ba. Wasu don sha'awa, wasu don camfin cewa yana kare gida daga sammu, masu maganin gargajiya kuma ƙoƙon bayansa suke nema. Ba a san Bakano da cin namansa ba, kuma ba ya ba da madara ko fatar da za a kai majema. Idan aka dubi lissafin haihuwa sai tazarar ta ƙara fitowa fili. Kaza takan ƙyanƙyashe cikin kwana 21, zomanya ta haihu bayan wata guda, akuya bayan wata biyar. Ita kuwa macen kunkuru a dawa takan shekara goma ko fiye kafin ta fara ƙwai. Takan haƙa rami ta zuba ƙwai 15 zuwa 30, ta binne ta yi tafiyarta, sannan a jira wata uku ko fiye kafin 'ya'yan su fito. Magidancin da ya sayi ɗan kunkuru ranar sunan ɗansa, zai iya sa yaron a sakandare bai ga ƙwai ko ɗaya ba.

Har ila yau akwai matsalar muhalli, kuma ita ce ta fi shafar waɗannan unguwanni. Kunkuru ba ya jure zafin bazara ko sanyin hunturu a fili, sai ya haƙa rami mai zurfi ya shige. Gidajen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni kuwa a matse suke, tsakar gida da yawa an shafe ta da siminti. Inda ya sami ƙasa, galibi gindin katanga yake nufa, abin da kan jawo rigima da maƙwabci idan damina ta zo. Ta fuskar abinci bai da tsada, domin ciyawa da harawa da ragowar ganyen da ake zubarwa a kasuwar Tarauni sun wadatar da shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ba shi sauran tuwo da shinkafa, alhali cikinsa na busasshiyar ciyawa ne. Irin wannan ciyarwa, tare da rashin danshin rami, na daga cikin abin da ke sa ƙoƙon bayansa ya yi tudu-tudu.

Abu na ƙarshe da wasan bai yi la'akari da shi ba shi ne doka. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wannan nau'i ƙetare don ciniki idan a dawa aka kamo shi, sannan a 2021 ƙungiyar IUCN ta sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Nijeriya ma tana da dokar kare irin waɗannan dabbobi tun 1985. Wanda duk ya ɗauko babbar mace daga dawa ya killace ta ita kaɗai a tsakar gida, ya cire ta ke nan daga cikin masu haihuwa, ga shi kuwa tana iya rayuwa fiye da shekara 70.