Bashin Taki A Garwa: Yadda Maƙwabci Ke Tsaya Wa Maƙwabci

Duk ɗan kasuwar da ke kai kaya kasuwar Jambutu ta Garwa (ba Jambutun Jimeta ba) ya san ciniki ba ya kankama sai an biya manoma kuɗin auduga. Atamfa, kwanuka, kayan babur, duk lokacin ne suke tafiya. To amma kafin kuɗin nan ya shiga aljihun manomi sai ya ratsa ta hannun ƙungiyarsa, a nan kuwa ake yin ta.

Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 da hedkwata a Garwa, shi ne ke sayen audugar arewacin Kamaru, ya gurza ta, ya kuma matse man angurya na Diamaor. Manoman ƙauyuka suna cikin ƙungiyoyin gama kai, galibi irin waɗanda ake kira GIC bisa dokar 1992. Uwar ƙungiyarsu ita ce CNPC-C, wadda ta gaji OPCC a 2010.

Dabarar da ta riƙe tsarin ita ce lamunin juna. Manomin da ba shi da takardar fili, balle asusun banki, yana karɓar taki da maganin ƙwari bashi tun farkon damina. Jinginarsa mutanensa ne. 'Yan uwa da maƙwabta kan haɗa ƙaramin rukuni, su da kansu suke zaɓen wanda za su yarda da shi. Ranar awo a cire bashin daga kuɗin auduga, in ɗaya ya gaza a cire daga na sauran. Wannan ya sa malalaci kan rasa mai ɗaukarsa, haka ma, abin takaici, talakan da ciwo ya kayar bara. Ƙungiyoyin ne kuma ke gudanar da awon da kansu, ana ba su lada a kai, wanda wasu ƙauyuka suka haƙa rijiya ko suka gina aji da shi.

Inda abin ya shafi 'yan kasuwarmu shi ne kakar 2010 zuwa 2011. Farashin auduga a duniya ya haura dala 2 kan kowace laba a 2011, alhali na Sodecoton an riga an yanke shi tun kafin kaka. Masu saye daga Nijeriya suka zo da kuɗi a hannu da farashi mai tsoka, auduga ta riƙa tsallaka iyaka a kan babura. Ba a ga laifin manomin da ya bi riba ba, sai dai takin da ya noma audugar da shi ba a biya ba, kuma maƙwabcinsa da ya kai tasa wurin awo shi aka zaftare wa.

Rukunin da bashi ya maƙale masa yana iya rasa taki a damina mai zuwa. Takin nan kuwa ba auduga kaɗai yake ciyarwa ba, har da masarar da ake lodi a kasuwar Pitowa ranar Lahadi.