Yanka Filayen Gidaje a Gandun Daji da Makiyaya: Nazari a kan Ƙasar Jibiya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi bayanin yadda ake yanke shawarar ba da filin gina gidaje a wuraren da doka ko al'ada ta keɓe a karkara, watau gandun daji da makiyaya da burtali da bakin gulbi. Mun ɗauki ƙasar Jibiya ta Jihar Katsina don ta zame mana abin misali, saboda a nan matsalar ta fito fili ƙwarai. Jibiya tana yamma da birnin Katsina, a kan hanyar Maraɗi, kuma a Magama ne ake ƙetare iyaka zuwa Ɗan Isa ta Jumhuriyar Nijar. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan 170,000. Tun daga lokacin garin yake ta faɗi, da farko saboda kasuwa da fataucin kan iyaka, daga baya kuma saboda mutanen ƙauyuka da 'yan bindiga suka kora, suka shigo gari neman mafaka. Kowane ɗayansu yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa.

2.0 Asalin Keɓe Ƙasa

Keɓe ƙasa ba Turawa ne suka zo mana da shi ba. Bahaushe ya san hurumi tun da daɗewa, watau filin da ake bari a kewayen gari ko maƙabarta ko masallacin idi, ba mai noma shi, ba mai gini a ciki. Ya kuma san burtali, hanyar da ake bar wa shanu tsakanin gonaki har su kai mashaya. Dagaci da mai unguwa su ne masu tsaron waɗannan wurare, shaidarsu kuwa ba a takarda take ba, a bakin dattawa take, da itatuwan da aka sani a kan iyaka.

Abin da mulkin Turawa ya ƙara shi ne awo da rubutu. A ƙarƙashin dokar daji ta 1937 En'e-En'e sun kafa gandayen daji masu yawa a Arewa. Ka'idar ita ce a aiko ma'aikaci ya saurari masu haƙƙi a wurin, a rubuta abin da aka yarje musu, kamar itacen wuta ko kiwo, sa'an nan a kafa duwatsun iyaka, a buga sanarwa a Gazet. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, kuma dajin Ruma da Kukar Jangarai, wanda kuma ake kira Runka, a ƙasar Batsari da Safana kudu da Jibiya, yana cikin wuraren farko da aka gwada tsarin kiwo na zamani. Sai dai a lura, cikin makiyaya 415 da ake lissafawa a Nijeriya duka, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai aka buga a Gazet. Sauran suna nan ne bisa sani da mutunci kawai, kuma mutunci ba ya tsayawa shaida a gaban kotu.

3.0 Wa Ke da Ikon Ba da Fili?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin Janar Obasanjo, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, ita ce ginshiƙin al'amarin. Ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Ta raba ƙasa gida biyu: ta birni, wadda Gwamna yake ba da ita da shawarar kwamitin rabon filaye, da wadda ba ta birni ba, wadda ƙaramar hukuma take ba da ita da shawarar nata kwamitin. Ƙaramar hukuma tana iya ba mutum har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba tare da ta nemi yardar Gwamna ba.

Akwai abu biyu a cikin dokar nan da ya kamata mu tsaya a kansu. Na farko, Gwamna ne yake faɗin inda birni ya tsaya, ta hanyar sanarwa. Ke nan ranar da aka faɗaɗa da'irar birni, gonaki da burtali da suka faɗa cikinta sun fita daga hannun ƙaramar hukuma, ko da manomi da makiyayi ba su ji labari ba.

Na biyu shi ne batun diyya, kuma a ganinmu nan ne gizo yake saƙa. Idan hukuma ta karɓi fili don amfanin jama'a, ba ƙasar take biya ba, abin da aka yi a kanta take biya, watau gini ko rijiya ko amfanin gona. To, mu ɗauka ana son wuri don gidaje ɗari biyu. Idan aka nufi gonaki, sai an lissafa masu su ɗaya bayan ɗaya, a yi ciniki, a sha ƙorafi, wataƙila har a je kotu. Idan kuwa aka nufi makiyaya, ba gini, ba shuka, ba mai takarda, mai amfani da ita ma yana iya kasancewa can kudu da shanunsa a lokacin da aka zo awo. Saboda haka wurin da aka keɓe don a kare shi, shi ne ya fi kowane wuri araha da sauƙin ɗauka. Ba lalle sai ma'aikaci ya yi mugun nufi ba, lissafin kuɗi kaɗai ya isa ya kai shi can. Gandun dajin da aka buga a Gazet ya ɗan fi ƙarfi, domin sai an sake buga wata sanarwa ta cire shi kafin a yanka, amma wannan ma sa hannu ne na hukumar da take neman filin.

Dokar tsara birane da karkara ta 1992 ta so ta gyara wannan, inda ta tanadi hukumomi hawa uku, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, ta kuma ce sai da izini za a yi gini. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa tsara gari aikin jihohi ne. Nauyin ya koma kan jiha ke nan.

Duk wannan bayani na filin da ya bi ta ofis ne. Yawancin gidajen talakawa a bayan gari kuwa awon igiya ne: mai gona ya yanka ta fuloti-fuloti, a sayar a gaban shaidu da mai unguwa, a rubuta 'yar takarda. Mai awon igiya ba ya barin hanyar ruwa, ba ya barin filin makaranta, idan kuma burtali ne a gefen gonar, sai a riƙa gutsurarsa taku ɗaya yau, taku biyu baɗi.

4.0 Ambaliyar 2018

Abin da wannan yake haifarwa ya bayyana a daren 15 zuwa 16 ga Yuli 2018, lokacin da ruwan sama mai ƙarfi ya cika rafi, ya afka wa unguwannin Jibiya da suke kusa da shi. Fiye da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, har an tsinto wasu gawawwakin a ƙasar Madarunfa, a ƙetaren iyaka. Ba za mu ce gini kaɗai ya jawo wannan ba, domin ruwan ya wuce misali. Amma bakin rafi yana cikin wuraren da magabata suke bari, kuma gidan da ba a gina a can ba ruwa ba zai same shi ba.

Bayan musiba irin wannan kowa ya yarda a ɗauke mutane zuwa tudu. To, wane tudu? Idan aka duba, filin da ya rage babu gona sau da yawa shi ne na kiwo ko na daji. Wanda ruwa ya cinye wa gida yana da haƙƙi, wadda ta gudo da marayu daga ƙauye tana da haƙƙi, makiyayin da aka toshe wa hanyar mashaya shi ma yana da nasa. Idan shanu suka rasa burtali za su bi ta gona, kuma mutanen wannan yanki sun san inda faɗan gona da shanu yake kaiwa. Ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, ta biyo ta Jibiya, kuma duk inda aka sa tasha farashin fili yakan tashi a kewayenta.

5.0 Yadda Abin Yake a Ƙetaren Iyaka

Yana da kyau mu leƙa maƙwabta, tun da gulbi ɗaya muke sha: ruwan Gada, wanda aka datse da madatsar Jibiya, shi ne yake gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi, kuma yana cikin ruwayen da ƙasashen biyu suka yi yarjejeniya a kansu a Maiduguri a 1990. A 1993 Nijar ta yi dokar ƙasar karkara, wadda ta kafa kwamitocin ƙasa. A cikinsu ana zaunar da sarakuna da ma'aikatan gona da na daji da na dabbobi, da wakilan manoma da na makiyaya da na mata. Aikinsu ya haɗa da shata burtali da kafa masa alamu da rubuta shi a littafi. A 2010 aka ƙara dokar kiwo, wadda ta sa hanyoyin dabbobi da wuraren kiwo cikin dukiyar jama'a da ba a sayarwa.

Ba muna cewa can an gama da matsalar ba, domin a kewayen Maraɗi ma gari yana cin gonaki da daji. Abin da ya ja hankalinmu shi ne a can doka ta ba makiyayi kujera a wurin da ake yanke shawara. Dokarmu ta 1978 kuwa ta bar naɗin 'yan kwamitin ƙaramar hukuma a hannun Gwamna, ba ta kuma ambaci manomi ko makiyayi a cikinsu ba. Wannan giɓi jiha tana iya cike shi ba tare da an taɓa tsarin mulki ba, domin ba abin da ya hana Gwamna ya naɗa ardo da sarkin noma da malamin daji a kwamitin Jibiya, ya kuma sa a auna burtalolin da suka rage, a kafa musu duwatsu, kafin a yanka sabuwar unguwa.