Rauta a Gida: Me Ya Sa Saitinta Ke Ɗaure Kai?

Yawancin masu sayen rauta ko MiFi abu uku suke yi: su sa layi, su kunna, su kwafi kalmar sirrin da ke manne a jikin na'urar. Shi ke nan. Sai ranar da data ta ƙare tun wata bai raba ba, aka gano yaran maƙwabta ma suna sha, sannan maigida zai ce bari ya canja kalmar. To, a nan ake yin ta.

Za a ce ya buɗe burauza ya rubuta 192.168.0.1, ko 192.168.8.1 in ta Huawei ce. Shafi ya fito yana neman kalmar sirri, ya sa ta Wi-Fi, a ce ba ita ba ce. Ashe biyu ne: ɗaya ta hawa Wi-Fi, ɗaya ta shiga cikin na'urar kanta, wadda sau da yawa "admin" ce kawai. Mai shago bai faɗa masa ba. In ma ya dace ya canja, nan take wayarsa za ta sauka daga intanet, domin tsohuwar kalmar take riƙe da ita, shi kuwa sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka ya lalata abin.

A cikin shafin kuma ga SSID, DHCP, NAT, WPA2, Turancin da ko Bature ba ya yi da iyalinsa. Laifin ba na mai saye ba ne. Wannan 'yar robar aikin na'urori da dama take yi: tana karɓo intanet daga kamfani, tana raba wa wayoyi adireshi, tana watsa Wi-Fi, tana kuma tare masu kutse. A manyan ma'aikatu injiniya ake ɗauka musamman don waɗannan. An matse su wuri guda, an karya farashi, amma kalmomin injiniyoyin an bar su yadda suke.

Lambobin ma da tarihinsu. Tsarin adireshi na IPv4 da aka fitar a 1981 bai wuce adireshi biliyan 4.3 ba. Da aka hango ba za su ishi duniya ba, sai aka keɓe wasu don amfanin cikin gida, har da masu farawa da 192.168, a ƙa'idar da aka tabbatar a 1996. Rauta takan karɓi adireshi guda daga waje, duk na'urorin gidan su fita ta kansa. NAT ke nan. Dabarar toshe ɓaraka ce tsakanin ƙwararru, ba a yi ta don malamin makaranta ko tela ya haddace ba.

Abin da mutum bai gane ba kuwa, ba ya taɓa shi, kuma ɓarayin intanet sun san haka. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta riƙa gwada kalmomin sirrin da kamfanoni ke sayar da kaya da su, ta kame ɗimbin kyamarori da rautoci. A watan Oktoban shekarar aka yi amfani da su wajen kai hari kan kamfanin Dyn, wanda manyan shafukan intanet suka dogara da shi a lokacin, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka. Birtaniya ta ɗora nauyin inda ya dace: daga Afrilun 2024 dokarta ta hana kamfanoni sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin cinka irin su "admin" da "12345".