Wa Ya Cancanci Hutun Zagayen Farko?

Idan ruwan Kogin Haɗejia ya janye, fadamu suka tsane, aka kammala yankan shinkafa, hankalin samarin ƙasar Guri yakan koma filin ƙwallo, kuma da wuya a shirya gasar cin kofi ba a yi husuma a kan mas'ala guda ba, wato dalilin da wata ƙungiya za ta zauna a inuwa tana kallo a zagayen farko, alhali 'yan'uwanta suna can suna zubar da gumi. Jama'a sukan ɗauka son kai ne na masu shiri. Wani lokaci haka ɗin ne, amma asalin abin hisabi ne.

Gasar sili-ɗaya-ƙwale ba ta rabuwa daidai har zuwa wasan ƙarshe sai adadin ƙungiyoyi ya kasance 4, ko 8, ko 16, ko 32. A ƙaddara mazaɓu goma na Guri, su Kadira da Lafiya da Musari da sauransu, kowace ta kawo ƙungiya ɗaya: sai a cire 10 daga 16, saura 6. Tilas shida su huta, huɗu su kara, biyun da suka yi nasara su cika takwas. Wannan ba shi da makawa. Abin da ya rage ga mutane su yanke shi ne wa za a ba hutun, kuma bisa wace hujja.

A nan ne na ga fa'ida cikin tsarin gasar NFL ta Amurka, ko da yake ƙwallonsu mai siffar ƙwai ce, kuma galibi da hannu ake ɗaukar ta. Ƙungiyoyinsu 32 ne, an kasa su ɓangare biyu, AFC da NFC, kowane ɓangare da rukuni huɗu masu ƙungiya hurhuɗu. Bayan kowa ya buga wasa 17, sai a fitar da bakwai daga kowane ɓangare a jera su bisa martaba: zakarun rukunan nan huɗu su ɗauki matsayi na 1 zuwa na 4 gwargwadon nasarorinsu, uku mafiya ƙwazo cikin waɗanda suka rage su ɗauki na 5 zuwa na 7. Da yake bakwai ta gaza takwas da ɗaya, ƙungiya ɗaya tak ke hutawa, ita ce ta 1. Ta 2 ta karɓi baƙuncin ta 7, ta 3 ta 6, ta 4 ta 5. Idan mako ya zagayo, wadda ta huta sai ta jira mafi ƙarancin martaba cikin waɗanda suka tsira, a gidanta, gaban jama'arta. Tun kakar 2020 ake fitar da bakwai-bakwai haka. Daga 1990 zuwa 2019 shida-shida ake ɗauka, biyu suna hutawa. Hikimar abin ita ce hutu ya zama ladan wahalar watanni, ta yadda ko ƙungiyar da ta tabbatar da gurbinta ba za ta yi sakaci da sauran wasanninta ba.

Tsarin yana da illarsa, ba zan ɓoye ba. A kakar 2010 Seattle Seahawks ta ci wasa 7 ta sha kashi a 9, amma saboda ita ce zakarar rukuninta mai rauni, sai New Orleans Saints mai nasara 11 ta yi tattaki zuwa gidan Seattle a Janairun 2011, aka doke ta 41 da 36. A ganina wannan ba adalci ba ne, kuma wanda ya taɓa shiga kwalekwale don zuwa wasa a wani gari lokacin ambaliya ya san nauyin baƙunta. Sai dai ƙa'ida ce rubutacciya tun kafin a fara, kowa ya shiga bisa saninta, shi ya sa babu wanda ya ce an yi masa maguɗi.

Martaba kuwa ba ta saye wa kowa nasara. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ma takan ɗauke wa manyan ƙungiyoyi zagayen share fage a gasar cin kofin zakarunta, duk da haka a 2009 Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin, bayan kunnen doki 2 da 2 a Alƙahira, ta ci gaba har wasan kusa da na ƙarshe.

Kirana ga masu shirya gasa a Guri da kewayenta: ku rubuta sharuɗɗan hutu kafin a taɓa ƙwallo, ku ba da shi bisa sakamakon bara, in babu sakamako a jefa ƙuri'a a bainar jama'a, a karanta wa kyaftin-kyaftin su sa hannu.